Na San Turarenta Kafin In Ga Fuskarta

Jama'ar kirki, ku matso kusa, yau bakina cike yake. Mai cin abinci ya ajiye cokali tukuna, don ba na son a ce ni na sa wani ya ƙware.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ma'aikaciya ce a wani kamfanin ɗinkin kayan mata, amma ba a inda kuke zato ba. Masu yanka da masu ɗinki da masu guga duk suna can gaba, inda kaya ke fita sababbi fil. Ni ina baya, kusa da ƙofar da motoci ke shigowa da baya-baya, a ɗakin kayan da aka dawo da su. Duk rigar da aka saya a kanti aka ce ta yi kaɗan, ko launinta bai yi kama da na hoto ba, ko miji ya gani ya ɗaure fuska, to a teburina take ƙarewa. In buɗe leda, in juya ta ciki waje, in duba wuya da hammata da bakin ƙasa. Mai lafiya a goge ta ta koma kanti. Mai ɗan rauni a yanke mata tambarin kamfani, a sayar wa ma'aikata da arha. Wadda ta mutu murus kuwa sai buhun tsumma.

Kafin ido ya duba, hanci ne ke fara aiki. Sabuwar riga warin sitati da leda take yi. Wadda aka sa aka je taro aka yi rawa, ko an wanke an goge sai ta tona asirin mai ita. Shi ya sa a wurin aiki ba wanda ke kira na da sunan yanka, Hanci kawai suke cewa, ni kuma ina amsawa da murna.

To, akwai wata baiwar Allah da muka daɗe muna fama da ita ba mu taɓa ganinta ba. Mun sa mata suna Mai Turare. Kayanta na zuwa a naɗe tsaf, takardar farashi na nan a jiki ba a cire ba, amma da na buɗe leda sai wani turare mai nauyi, mai zaƙi-zaƙi kamar an haɗa itace da lemon tsami, ya cika ɗakin. Sai in ɗaga murya in ce, "Jama'a, Mai Turare ta gama biki!" Kowa ya kwashe da dariya. Mun san gajera ce, don tana taka bakin riga. Mun san a kafaɗar hagu take rataya jaka. Mun san tana da ido, don ba ta taɓa ɗaukar riga mummuna ba.

Abin ya daina ba ni dariya ranar da wata koriyar doguwar riga mai wannan turaren ta zo da ƙunar dutsen guga a ƙasanta, ta gefen dama. Kanti ya ce mai saye ta rantse haka ta same ta daga kamfani. Na kai rigar gaban Madam, shugabar sashenmu, na ce ta shinshina.

"Hancinki ba shaida ba ne," in ji Madam. "Babbar mai saye ce, kanti ba zai yi jayayya da ita ba."

Laifin sai ya faɗa kan Anti Mai Guga. Ku san Anti Mai Guga: mace mai fara'a, tana guga tana waƙa, ita ke ciyar da 'ya'yanta da wannan dutsen. Ita ta riƙe ni lokacin da na fara aiki ban san gabas ba ban san yamma ba. Aka ba ta gargaɗi, aka ce idan wata ya ƙare za a duba ko za a ci gaba da ita. Tun ranar waƙa ta ɗauke a sashen guga. Ni kuwa don haushi na sayi rigar da aka yanke mata tambari, na zauna na yi surfanin ganye a kan ƙunar har ta ɓace, na rataye ta a ɗakina. Duk sanda na kalle ta sai na yi wa Mai Turare addu'ar da ba zan rubuta a nan ba.

Yanzu mu zo kan maganar da na san ita kuke jira.

Mutumina yana da kantin magani a bakin titin da nake jiran mota. Ciwon kai ne ya fara kai ni wurinsa, shi ya sa har yau a wayata sunansa Ciwon Kai. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe. Ya san aikina sarai, har ya taɓa miƙo mini hannun rigarsa ya ce in shinshina in gaya masa inda ya je. Abba ya amince da shi, Umma kuwa tun da ya kawo mata maganin gwiwa ta fara kiransa ɗana. Saura mutum ɗaya, mahaifiyarsa. Mahaifinsa ya rasu, kuma a gidansu in Hajiya ta ce a'a, to an rufe ƙofa an jefa makulli a rijiya. Ni ba ta farko ba ce, akwai waɗanda ta duba sau ɗaya ta ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ranar Juma'a da yamma saƙonsa ya shigo.

"Hajiya ta ce gobe za ta zo gaida Umma."

"Umma ko ni?"

"Umma. Amma ki yi kwalliya."

"Me take so? Me ba ta so?"

"Tana son tsabta. Ba ta son ƙarya. Ba ta son tsohon abu."

"To ni aikina tsohon abu ne."

"Ki bar wannan a hannuna. Ki sha ruwa da yawa."

Kun ji mutumin. Duniya na ci da wuta, shi ruwa yake ba ni shawarar sha.

Washegari tun da hantsi Gwaggo ta dira, yayar Abba, wadda in ta shigo gida har kyanwa sai ta nemi wurin ɓuya. Ta sa aka sauya labulen falo, aka fito da kofunan da Umma ke ɓoyewa a saman kabad, aka kai takalman Abba bayan ƙofa. Sannan ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado.

"Ke, ki buɗe kunnenki. In ta tambayi aikinki, a ofis kike. Kin ji ko?"

"Gwaggo, ai ba a ofis nake ba."

"Ba ki da tebur?"

"Ina da shi."

"Ba ki da kujera?"

"Ina da ita."

"To ofis ya wuce haka? So kike ki ce wa mace irin wannan hammatar mutane kike shinshina?"

Na dubi Umma da ke tsaye a bakin ƙofa. Ta kawar da kai ta ce, "Ki dai bi Gwaggonki a hankali, 'yar nan. Ba kullum ake samun yaro mai hankali irin wannan ba."

Gwaggo ta buɗe kabad ta fara zubar da kayana a kan gado. Wannan ta koɗe, wannan ta yara ce, wannan kamar za a je ta'aziyya. Sai hannunta ya faɗa kan koriyar rigar. Ta ɗaga ta a haske, ta shafa surfanin ganyen, idonta ya yi ƙyalli.

"Yauwa! Wannan ita ce ta manya. Sa ta."

Gaskiya rigar ta karɓe ni. Na ɗora mayafi ruwan madara, na sa 'yan kunnen Umma na zinare, na ɗauki hoto na tura wa Ciwon Kai. Ya amsa da cewa, "Yanzu ni ne ke buƙatar magani." Na yi dariya ni kaɗai har Gwaggo ta leƙo ta ce in rufe haƙorana.

Bayan la'asar muka ji tsayuwar mota. Shi ya tsaya a waje wurin Abba, Hajiya ta shigo falo ita kaɗai. Ina kicin ina jin gaishe-gaishe, ina jera kofuna a kan faranti. Da Umma ta kira ni, na ɗauko shayi da biskit na fito, kaina a sunkuye kamar mutuniyar kirki.

Ban kai tsakiyar falo ba hancina ya tsaya cak.

Itace da lemon tsami.

Na ce a raina, kai, turare ai ba na mutum ɗaya ba ne, kasuwa ake sayar da shi. Na ɗago ido a hankali. Gajera ce, fara, mai kyau da kwarjini, zaune take ƙafa ɗaya kan ɗaya. Jakarta na rataye a kafaɗar hagu ko da take zaune. Rigar jikinta kuwa shuɗiya ce mai dogon hannu, ɗinkin kamfaninmu, wadda ta fita kanti kwanan nan.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, tana ƙare mini kallo daga sama. Idonta ya sauko kan wuya, kan hannu, ya gangara har bakin rigar ta gefen dama. Nan ya tsaya. Murmushin bai bar fuskarta ba, amma na ga yatsunta sun damƙe hannun jaka.

"Rigarki ta yi kyau," ta ce. "Wannan ganyen, haka ta zo da shi?"

"A'a Hajiya, ni na ƙara shi."

"Me ya sa?"

"Wurin ne ya buƙata."

Gwaggo ta cafe. "Ai hannunta zinare ne, Hajiya! Komai ta taɓa sai ya yi kyau."

Na zagaya ta bayan kujerarta don in ajiye mata kofi a kan ɗan tebur. A nan na ga abin da ya ƙarasa ni. Mayafinta ya zame kaɗan, kuma ga takardar farashi ta leƙo daga bayan wuyan rigar, da ɗan zaren robarta, tana lilo. Gwaggo na zaune daura da ita, kuma idon Gwaggo allura ba ta faɗuwa a gabansa bai gani ba. Da Hajiya ta juya kai sau ɗaya, shi ke nan.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zo mini da gudu. Ya ce ki bar ta, ki tuna Anti Mai Guga. Amma hannuna ya riga tunanina. Na ce, "Hajiya, bari in gyara miki mayafi," na tura takardar ciki da ɗan yatsa, na ja mayafin ya rufe wurin. Na ji bayanta ya sandare a ƙarƙashin hannuna. Ta ɗauki shayi ta kurɓa.

Aka taɓa hirar tsadar rayuwa da ciwon gwiwar Umma. Can Hajiya ta ajiye kofi ta dube ni.

"An ce kina aiki. A ina?"

"A ofis take!" in ji Gwaggo. "Babban kamfani. Tana da teburinta, tana da kujerarta."

Umma ta zuba mini ido tana roƙo ba magana. Na san abin da ke kan faranti. Ina son mutumin nan, so na gaske, irin wanda ke sa ki yi murmushi a cikin mota mutane su ɗauka ba ki da lafiya. Amma matar nan ta riga ta gane rigarta a jikina. In na yi ƙarya yanzu, na ba ta sandar duka na da hannuna.

"Hajiya, kamfanin ɗinki ne. Ina sashen kayan da aka dawo da su daga kantuna. Ni nake dubawa ko an sa su ko ba a sa ba."

Gwaggo ta yi wani tari kamar ta haɗiye ƙashi. Umma ta fara gyara kofunan da ba su karkace ba.

"Kuma kina ganewa?" Hajiya ta tambaya.

"Ina ganewa, Hajiya."

Ta jinjina kai. Sai ta miƙe ta ce tana son wanke hannu, in nuna mata wuri.

Muna shiga lungun da ke kai wa banɗaki ta ja ƙofar falo ta rufe. Ba ta ko kalli famfo ba.

"Tun yaushe kika san ni?"

"Na daɗe da sanin turarenki, Hajiya. Fuskar ce sai yau."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Kusa da kusa na ga hodar fuskarta ta kwanta a cikin layukan gefen ido, na ga tsufan da ba a gani daga nesa.

"Lokacin da mahaifinsa ke raye, ban taɓa maimaita riga a taro ba," ta ce. "Matan da muke zama da su ba su san komai ya canja ba, kuma ba za su sani ba. Yaron nan yana ƙoƙari, ba zan ɗora masa kayan sawata ba." Ta gyara jakarta. "Ke kin rufa mini asiri a falo. Ni ma zan manta cewa rigar da na mayar ita kika sa kika tarbe ni. Kowa ya riƙe bakinsa. Mun gama?"

Jama'a, ga ƙofa an buɗe mini. In ce to, in koma falo, a fara maganar sa rana. Tausayinta ma ya kama ni, don na san mata da yawa da ke ɗauke da irin wannan kaya a ka. Amma sai na tuna sashen guga shiru babu waƙa.

"Hajiya, ba zai taɓa ji daga bakina ba, ko kin amince da ni ko ba ki amince ba. Amma ƙunar nan a gidanki aka yi ta."

"To?"

"An ɗora wa wata mata laifin. Mai guga ce, tana da 'ya'ya. Ƙarshen wata za a iya sallamarta."

Fuskarta ta canja. "Ni ban san da wata mai guga ba. Na ɗauka kamfani ne zai ɗauki asara."

"Kamfani ba ya ɗaukar asara, Hajiya. Yana neman wanda zai ɗora wa."

"Me kike so in yi?"

"Ki gaya wa kanti gaskiya. Ko ki ce mai aikinki ce ta ƙona ba ki sani ba, duk yadda kika ga dama. Su dai san ba daga wurinmu ba ne."

Ta dube ni tun daga mayafi har takalmi. "Ke 'yar nan, kin san da wa kike magana? Ba ki shigo gidana ba kin fara ba ni aiki?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Haƙurin me? Kin janye?"

Na ce, "Ban janye ba."

Ta buɗe ƙofa ta koma falo. Ta yi wa Umma sallama a tsaye, ta ce shayi ya yi daɗi, ta fita ko waiwaye babu.

Abin da Gwaggo ta yi mini bayan tafiyarta, in na rubuta shi wayoyinku za su yi zafi. Ta ce na zubar da miya a bakin murhu. Ta ce ofis kalma ce mai sauƙi, ko jariri zai iya faɗa. Umma ba ta yi faɗa ba, ta dai tattara kofunanta ta mayar saman kabad, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Na tura wa Ciwon Kai saƙo, "Kun isa lafiya?" Ya ce, "Lafiya. Hajiya ba ta ce komai ba tun a mota. Me ya faru?" Na ce, "Hira muka yi." Lahadi ta wuce ban ji ɗuriyarsa ba. Na yi kuka, ba zan yi muku ƙarya ba, na yi har hancin da nake taƙama da shi ya toshe.

Ranar Litinin ina bakin teburina, ina buɗe ledoji ba na ma jin warin komai, sai na ji guɗa daga sashen guga. Kafin in miƙe Anti Mai Guga ta faɗo ɗakin da gudu, ɗankwalinta a hannu, ta rungume ni har ta ɗaga ni sama.

"Hanci! Hanci! Madam ta kira ni! Matar ta je kanti da ƙafarta ta ce a gidanta rigar ta ƙone. An janye gargaɗin!"

"Da ƙafarta?"

"Da ƙafarta! Wai har ta ce a ba ni haƙuri. Ke, duniya da sauran mutanen kirki. Allah ya yi wa matar nan albarka ko wace ce!"

Na ce amin, ina dariya ina share hawaye. Ta koma tana waƙa tun daga ƙofa, masu ɗinki suna yi mata amshi.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Ciwon Kai.

"Hajiya ta amince."

Na zauna a kan buhun tsumma. Kafin in rubuta komai wani saƙon ya shigo.

"Ta ce a duk waɗanda na taɓa kawo mata, ke kaɗai ce kika ba ta tsoro, kuma irinki take so a gidanta."

Sai wani.

"Amma akwai abin da ban gane ba. Da safe ta sa na kai ta wani kanti, ta hana ni shiga. Ta fito idonta ja. Yanzu kuma na same ta ta cire duk turarenta daga kan madubi ta zuba a leda. Na tambaye ta, ta ce in tambaye ki."

Na zuba wa wayar ido. Wato ta ba ni ɗanta, ta kuma miƙo mini wuƙa ta juya mini wuyanta, ta ga ko zan cika alkawarin da na yi mata a lungu. Shi kuma bawan Allah bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko a kan farashin magani.

"Ba ki taɓa ɓoye mini komai ba," ya rubuta. "Me ke tsakaninki da mahaifiyata?"

Wayar ta fara ruri a hannuna, sunansa na haskawa. Na goge fuskata da bakin mayafi, na ja numfashi, na ɗauka.

"Ranka ya daɗe," na ce, "tsakanina da Hajiya magana ce ta uwa da 'yarta. Kai suruki ne a ciki."

Can daga bayansa, nesa kaɗan da wayar, na ji dariyar Hajiya.